Yadda ake yawon keke a fararen hanyoyin karkarar Tuskani

A tsakiyar ƙasar Italiya, a lardin Siena na yankin Tuskani, akwai hanyoyin karkara da ba a zuba musu kwalta ba, waɗanda mutanen wurin ke kira strade bianche, fararen hanyoyi. Kamar hanyar burji suke, irin wadda ke haɗa ƙauye da ƙauye a wajenmu, sai dai tsakuwarsu fara ce, ƙurarsu ma fara fat. Suna ratsa gonakin inabi da na zaitun, su kutsa kurmi, su ɓullo a kan tudu. A 1997 wani ɗan yankin, Giancarlo Brocci, ya ƙirƙiro taron keke na L'Eroica a garin Gaiole in Chianti, da nufin kada a shafe waɗannan hanyoyi da kwalta. Daga 2007 kuma ƙwararru suka fara tseren Strade Bianche, wanda ake ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na birnin Siena. Ba sai ka zama ɗan tsere ba kafin ka bi su. Ga yadda za ka tsara tafiyar.

Mataki na farko: zaɓi lokaci

Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta rana na da zafi, yakan haura digiri 35, kuma a kudancin Siena za ka yi tafiya mai nisa ba inuwar da za ka fake. Ɗan Sakkwato zai ce wannan ai ba zafi ba ne, amma zama a rana daban, tuƙa keke a kan tudu cikinta daban. A lokacin ne kuma dazuzzuka ke bushewa ƙayau, hukuma ta hana kunna wuta, don haka ko shayi kada ka dafa a daji.

Ruwan sama ma abin lura ne. Yankin Crete Senesi, tsakanin Siena da Asciano, ƙasarsa yumɓu ce. Da ta jiƙe sai ta riƙa manne wa taya har ta cushe tsakanin taya da ƙarfen keke, ka koma ɗaukar abin da ya kamata ya ɗauke ka. In an kwana ana ruwa, bi kwalta ranar. Idan kuma ba ka son cunkoso, kauce wa ƙarshen makon farko na Oktoba, lokacin L'Eroica, don masauki kan yi wuya a duk kewayen Gaiole.

Mataki na biyu: keke da taya

Keken tsakuwa, mai lanƙwasasshen kai da taya mai kauri, shi ya fi dacewa da fararen hanyoyi. Keken hawan dutse ya fi shi daɗi a ƙananan turakun cikin dajin Chianti, inda akwai saiwoyi da duwatsu, amma yana da nauyi a doguwar tafiya. Ana bayar da hayar duka biyun a Siena da Firenze, har da masu batir. A ganina haya ta fi ɗauko naka a jirgi, sai dai in za ka daɗe.

Abu uku za ka tambaya. Faɗin taya ya kai milimita 40 ko kusa da haka. Tayar ta zama marar tib, wadda ake zuba wa ruwan gam a ciki ya toshe ƙananan huji da kansa. Sannan giya mai sauƙin hawa, inda ƙaramin faifan gaba bai fi babban faifan baya yawan haƙora ba. Wannan na ukun shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ke sa su sauka su tura.

Kada ka cika wa taya iska har ta yi tauri. Mai matsakaicin nauyi, kimanin bar 2 zuwa 2.5 a ma'aunin iskar taya ya ishe shi a taya mai milimita 40. Taya mai tauri tsalle take a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, ga jijjiga da ke kashe hannu. Kafin ka bar shagon ka matsa birki ka tabbatar wane hannu ke riƙe da na gaba. A Italiya yawanci na hagu ne.

Mataki na uku: auna hanya da tudu

Nan ne lissafin baƙo ke rushewa. Ka duba taswira ka ga kilomita 60, ka ce kafin azahar ka gama. Ƙasar nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ba manyan duwatsu, amma hawa da gangara ba sa ƙarewa, kuma tudun gajere ne mai tsaye. Dawwamammiyar hanyar L'Eroica, wadda aka kafa wa alluna ake binta duk shekara, kilomita 209 ce, hawan da ke cikinta in an tara ya haura mita 3,000. Tana tashi daga Gaiole, ta wuce gidan sarautar Brolio, ta gefen Siena, ta hau Montalcino, ta gangara Buonconvento, ta dawo ta Asciano da Castelnuovo Berardenga da Radda. Masu ƙarfi kan gama ta rana ɗaya. Kai raba ta kwana uku ko huɗu, ka riƙa kwana a gidajen gona masu karɓar baƙi, waɗanda ake kira agriturismo.

Wurin da ya fi ba da wuya shi ne Monte Sante Marie, bayan Asciano, tsakuwa zalla ta kusan kilomita 11 da rabi, da hawa masu tsaye ɗaya bayan ɗaya. Kada ka bar shi zuwa yamma lokacin da ƙafa ta mutu.

Don gwaji, fara da Siena zuwa Buonconvento, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba ta hanyar Via Francigena, tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Roma. Akwai tashar jirgin ƙasa a Buonconvento, kuma jiragen yanki suna ɗaukar keke in ka sayi ƙarin tikitinsa. Sauke taswirar a waya tun kana masauki, don a cikin kwari sabis kan ɗauke.

Mataki na huɗu: guzuri

Gorar ruwa biyu, famfon iska, tib na ko-ta-kwana, kayan faci, 'yan sifanu, man kaca, hular kwano, tabarau saboda ƙura. Fitila da riga mai ƙyalli, domin dokar hanya ta Italiya ta wajabta rigar ga mai keke a wajen gari da dare. Garuruwa da yawa na da famfon ruwan sha a dandali. In ka ga an rubuta acqua non potabile, ba na sha ba ne. Shagunan ƙauye kan rufe da rana, daga wajen ƙarfe 1 zuwa 4, don haka sayi burodi da cuku tun da safe.

Abincin yankin akwai naman alade sosai, na gida da na daji. Musulmi ya riƙe kalma biyu: senza maiale, wato ban da alade. Taliyar pici da tumatir da tafarnuwa, da cukun tumaki na Pienza, sun isa su riƙe ciki. Miyar wake da ganye ta ribollita ma tana da kyau, amma tambayi abin da aka dafa ta da shi.

Mataki na biyar: tuƙi a kan tsakuwa

Wajen hawa, zauna a kan sirdi. Da ka miƙe tsaye nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Sauya giya tun kafin tudun ya kama ka, don kaca ba ta son a canja mata wuri ana danna feda da ƙarfi.

Gangara ta fi hawa haɗari. Ja jikinka baya kaɗan, sassauta gwiwar hannu, kada ka ƙanƙame kan keken. Rage gudu kafin kwana, kana miƙe. Matsa birkin gaba a tsakiyar kwana shi ke zubar da mutum. Tsakuwa kan taru a tsakiyar hanya da gefenta, saboda haka bi sawun tayar mota inda ƙasa ta daddale. In ka shiga gargada, ɗaga ɗuwawu kaɗan daga sirdi ka bar keken ya yi rawarsa. Ka tuna hanyoyin nan ba na masu keke kaɗai ba ne: tarakta da motocin gona na bi, musamman lokacin girbin inabi a Satumba. Riƙe hannun dama, kamar yadda ake tuƙi a Najeriya da Nijar.

Mataki na shida: karnuka, mafarauta da gonar mutane

A wuraren kiwo za ka haɗu da manyan fararen karnuka, irin Maremmano, suna gadin tumaki ba makiyayi a kusa. Kada ka yi gudu, kada ka ratsa garken. Sauka, sa keken tsakaninka da karen, ka yi tafiyarka a hankali kana kewaye tumakin daga nesa. Da ya ga ka bar dabbobinsa zai koma.

Daga kaka zuwa ƙarshen Janairu lokacin farauta ne, kuma ana farautar aladen daji a ƙungiya, da karnuka da bindigogi. In ka ga allon gargaɗi a bakin kurmi, sauya hanya. Dokar ƙasar ta hana farauta ranakun Talata da Juma'a, don haka su ne ranakun shiga daji a wannan lokaci. Inda aka rubuta proprietà privata gonar wani ce, kada ka shiga, kuma inabin bakin hanya ma da mai shi. Ƙofar shinge da ka tarar a rufe, rufe ta bayan ka wuce. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce, kuma kafin ka fita da safe ka gaya wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa.