Kai ne admin amma databes ta ƙi buɗe maka? Ga inda za ka duba

Don Allah kar ka yi saurin canza fasuwod, sau da yawa ba ita ce matsalar ba, izini ne ya samu tangarɗa. Ka fara karanta saƙon da ya fito, sannan ka buɗe log ɗin saba, wato fayil ɗin da injin databes ke rubuta duk abin da ya faru, saboda abin da ake nuna maka a allo da gangan ake taƙaita shi don kada mai kutse ya gane inda ya kuskure.

SQL Server ya fi kowa wannan hali, komai ya faru lambar kuskure 18456 kawai zai ce maka. Shiga ERRORLOG, wato log ɗinsa, ka duba lambar state mai nuna takamaiman dalili: 8 fasuwod ce ba daidai ba, 5 babu login ɗin kwata-kwata, 38 login lafiya lau amma databes ɗin da aka nema ce ta ƙi buɗuwa, 58 kuma ka zo da SQL login alhali Windows kaɗai aka saita saba ta karɓa. In kowa ya rasa sysadmin, wato babban izinin saba, ka tayar da sabis ɗin da -m (yanayin mai shiga ɗaya tak), wanda ke rukunin Administrators na injin zai shiga ya gyara.

A MySQL kuwa inda mutane suka fi shan wahala shi ne akawun ba suna kaɗai ba ne, suna ne haɗe da inda ka fito. 'root'@'localhost' daban, 'root'@'%' (% na nufin daga ko'ina) daban, kuma a Linux in ka rubuta localhost ta socket, ƙofar cikin injin, za ka bi, in ka rubuta 127.0.0.1 ta TCP, ƙofar netwok, to kana iya samun kuskuren 1045 (Access denied) da fasuwod ɗinka daidai don kawai ta ƙofar da ba a ba ka ba ka shigo. In kuma 1698 ka gani a Ubuntu, root ɗin na kan auth_socket ne, wato sunanka na Linux yake dubawa, fasuwod ba ta dame shi ba sam, rubuta sudo mysql kawai. Da ka shiga ka buga SELECT user, host, plugin FROM mysql.user, sai SHOW GRANTS na akawun ɗin, a nan za ka ga gaskiyar lamarin.

PostgreSQL in ya ce Peer authentication failed, sunanka na Linux ne bai yi daidai da na databes ba, gwada sudo -u postgres psql. Sai ka buɗe pg_hba.conf, fayil ɗin ƙa'idojin shiga, ka tuna daga sama yake karantowa kuma layin farko da ya dace shi yake ɗauka, in ka ƙara naka a can ƙasa wani na sama ya riga shi, aikin banza ka yi. Bayan gyara SELECT pg_reload_conf(). Ya isa, ba sai ka kashe saba ba. In ya ce role ɗin, wato akawun ɗin, ba shi da izinin shiga, ALTER ROLE sunan LOGIN.

Oracle: in sqlplus / as sysdba ya ƙi, buga id ka gani ko kana rukunin dba, a Windows kuma ORA_DBA. In yanzu aka saka ka, fita ka sake shigowa tukuna.

Abin da ke ci min rai shi ne masu chmod 777, wato buɗe wa kowa fayil, da masu sa trust, wato shiga ba fasuwod, a ko'ina cikin pg_hba.conf don dai ta buɗe. PostgreSQL ma ƙin tashi zai yi in izinin foldar bayanansa ya wuce 0700 ko 0750, kuma .pgpass, fayil ɗin ajiye fasuwod, in ba ka matse shi zuwa 0600 ba watsi yake da shi. Haka skip-grant-tables na MySQL, mai kashe binciken izini, in dole ta sa ka kunna, ka yi FLUSH PRIVILEGES, ka gyara akawun ɗin, ka cire shi nan take ka sake tayar da saba, sannan ka gwada shiga da akawun ɗin daga injin da matsalar ta fara.