Yadda ake kaɗa "Another Brick in the Wall, Part 2" ta Pink Floyd

A Landan aka kafa Pink Floyd a 1965, kuma da dogayen waƙoƙi aka san su, irin na furogiresif rok, inda waƙa guda kan cinye fuska ɗaya ta faifai. Da Syd Barrett ya fita a 1968, jita ta koma hannun David Gilmour, Roger Waters kuma ya riƙa rubuta yawancin baitoci. Faifansu na 1973, The Dark Side of the Moon, shi ya kai sunansu ko'ina. Amma waƙarsu ɗaya tilo da ta hau matsayi na farko a Birtaniya da Amurka, wato "Another Brick in the Wall, Part 2", ko minti 4 ba ta cika ba. Ta fito a Nuwamban 1979, ta yi mako 5 a saman jadawalin Birtaniya, ta yi mako 4 a na Amurka a 1980. Kod (sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci guda) huɗu ne ginshiƙinta: Dm da G da F da C. Shi ya sa makaɗa ke raina ta, daga nan kuma sai su kwafsa.

Ku fara da ganga. Furodusa Bob Ezrin ne ya sa aka ɗora ta kan kiɗan disko, don haka gangar ƙafa tana sauka a kowane bugu cikin huɗu, ƙaramar gangar tsakiya a na 2 da na 4. Ku saita metronom, na'urar ƙirga bugu, wajen bugu 104 a minti. Mai ganga ya haƙura da ƙwalisa. Da zarar ya fara salo sai gudu ya shigo, nauyin waƙar ya tafi.

Mai jitar bes ya sassauta tsirkiyarsa mafi kauri daga E zuwa D, ya riƙa sauka tare da gangar ƙafa, a gajarce.

Jitar rakiya ce wurin da aka fi samun matsala. A bar sautinta wasai, babu ƙaraji ko kaɗan. Ka kwantar da yatsa ɗaya a gaɓa ta 10 ta wuyan jita kan siraran tsirkiyoyi uku, Dm ke nan. Hannun dama ya yi ta kai da komo, sau 16 cikin kowane bugu huɗu, ba tsayawa. Aikin yana hannun hagu: ka danna inda kake son sauti ya fito, ka sassauta nan take ba tare da ka ɗauke yatsa daga tsirkiya ba, sai a ji "cak" maimakon amo. Wanda ya ɗage yatsan gaba ɗaya, tsirkiyoyin za su yi ƙara a sake, su dagula komai. Wanda kuma ya danne bai saki ba, kiɗan zai yi danƙo. G ɗin nan cikakken G ne, ba Gm ba, ko da kunne ya ja ka can saboda ana cikin Dm.

Amshin yaran da kowa ya sani, ɗaliban makarantar Islington Green ta Landan ne su 23, aka yi ta ɗora muryoyinsu kan juna har suka zama kamar taro. In kuna da mutum 8 ko 10, ku ɗauke su sau da yawa, kowane karo su sauya wurin tsayuwa gaban makirufo, sannan a raba ɗaukan hagu da dama. Kwafe ɗauka guda a kwamfuta a liƙa ba ya ƙara yawan murya, ƙarfi kawai yake ƙarawa. Kuma kada a goge musu murya ta yi santsi, da ɗan ihu ake rera ta.

Sai kiɗan Gilmour na ƙarshe, wanda ya yi da jitar Gibson Les Paul ƙirar 1955. Mafi yawansa yana tsakanin gaɓa ta 10 da ta 13, cikin sautuka biyar: D, F, G, A, C. Bes ya zauna kan D, mai ogan ne ke sauya kod a samansa. Wahalar tana wajen tura tsirkiya. A tsirkiya ta biyu in an ƙirga daga mafi siranta, gaɓa ta 13, za ka tura har sauti ya kai na gaɓa ta 15, wani wurin har na 17. Kafin ka tura, ka kaɗa gaɓar da kake nufi don kunne ya riƙe ta. Yatsu uku ake haɗawa, babban yatsa ya rataya a saman wuyan jita, ƙarfin ya fito daga juya wuyan hannu. In turawar ta gaza kaiwa ko da kaɗan ne, kowa zai ji, kuma galibi tsirkiya ce ta yi kauri. A koma siraran tsirkiyoyi masu lamba 9. Tsakanin jimla da jimla Gilmour yakan yi shiru na bugu ɗaya ko biyu, to a ƙirga wannan shirun da metronom kamar yadda ake ƙirga sauti.