Yadda ake gwajin jini idan ana zargin ciwon Reye a jikin yaro

Yaro ya fara samun sauƙin mura ko ƙarambau, sai amai ya taso masa babu ƙaƙƙautawa, ya koma yawan barci ko fizge-fizge. A nan ma'aikacin lafiya ya tuna da ciwon Reye, mai kumbura ƙwaƙwalwa da taɓa hanta, wanda Dakta Douglas Reye ya bayyana a Ostareliya a 1963.

Fara da tambayar mahaifiya ko an ba shi asfirin, domin ana danganta ciwon da shan asfirin a lokacin irin wannan rashin lafiya. Idan ta ce a'a, tambayi sunan kowane magani, domin garin maganin Alabukun da ake saye a shagunan Agege da Mile 12 a Legas akwai asfirin a cikinsa.

Sannan ka auna sukari a ɗan yatsa nan take. Idan sukarin ya yi ƙasa, a gyara shi kafin komai. Daga nan a ɗebi jinin ALT da AST (enzayim, wato sinadaran da ke hawa idan hanta ta taɓu), amoniya (dattin da hanta ke kawarwa daga jini), bilirubin (sinadarin da ke sa ido rawaya) da gwajin daskarewar jini na PT.

Amoniya ce ke kayar da sababbin hannu. Kada a ɗaure hannun yaron da roba ya daɗe, kada a tatsi jijiya, kada a ja sirinji da ƙarfi. Jajayen ƙwayoyin jini idan suka fashe, amoniya da AST duk za su hau, hawan ƙarya. A zuba jinin amoniya a kwalbar EDTA (mai sinadarin hana jini daskarewa), a rufe, a tsoma cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin minti 15, iyaka 30. Kwalbar da aka ba ɗan acaɓa ya ratsa gosulon Ikorodu Road da ita, sakamakonta ba abin dogaro ba ne, kuɗin iyaye kawai aka ɓata. Gara a kai yaron da kansa babban asibiti irin LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, a ɗiba a can.

Wajen karanta sakamako, ana neman ALT, AST ko amoniya su ninka ƙa'ida sau 3 ko fiye, PT ya tsawaita, amma bilirubin yana daidai ko kusa. Idan idanu sun yi rawaya sosai, nemi wani ciwon hantar.

Enzayim kaɗai ba ya yanke hukunci. A duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, a ajiye fitsari da jini don cututtukan gado masu kama da Reye, musamman ga jarirai. Kada jiran takarda ya hana kwantar da yaron a sashen kulawa ta musamman.