Kafin ka sa wa tsohon mashin sabuwar filtar iska

Jama'a, masu tsohuwar Jincheng AX100 ko Honda CG125 da ke cire akwatin filta suna ɗaura buɗaɗɗiyar nan ta kasuwa, don Allah ku tsaya ku ji. Iska za ta ƙaru, amma fetur ɗin da kafireto ke bayarwa yana nan yadda yake. Sai inji ya riƙa zafi, kana murɗa totur yana shaƙewa, kana sakewa salansa na tas-tas. A mashin mai shan baƙin mai tare da fetur, irin AX100, haka fistin ke kamawa ana cikin tafiya.

Fulogi ne zai gaya maka gaskiya. Sa sabo, ka yi tafiyar minti 10 a kan titi, ka kwance ka duba bakinsa. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan: a ƙara girman babban jet (ramin da fetur ke bi a cikin kafireto) mataki ɗaya, ko a sauko da kilif ɗin da ke riƙe allurar kafireto rami ɗaya don ta ɗaga. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa. Abin nema shi ne kalar shayi da madara. Abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka taɓa wani.

Ni dai da ƙurar hunturun nan tamu, akwatin asali na fi yarda da shi. Wanke sosonsa da kananzir, ka bari ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan, ka matse sosai kafin ka mayar.