Yadda Ake Tattara Tarihin Tsohon Soja Daga Bakinsa

Iyalai da yawa ba sa tunawa da tarihin aikin mahaifinsu sai bayan an dawo daga maƙabarta, an buɗe akwatinsa na ƙarfe, an tarar da hotuna da lambobin yabo waɗanda babu mai iya bayaninsu. Wannan asara tana damuna ƙwarai, domin aikin ceto tarihin bai wuce wayar hannu da littafin rubutu da haƙuri ba.

Ka fara da takardu. Ka nemi izinin tsohon sojan ka duba takardar sallama da takardun fansho, ka kwafe lambar aikinsa, da shekarar da ya shiga, da bataliyoyin da ya zauna. Idan da kurtu ya fara, mai yiwuwa a Daffo ta Zariya ya sha horo. Idan kuwa hafsa ne, ka tambaye shi ko ya bi ta makarantar hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964. Sannan ka jera ƙarin girmansa, daga igiya ɗaya zuwa kofur, zuwa saja, har samanja in ya kai.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya fara da tambayar yaƙi, sai dattijo ya sunkuyar da kai ya ce abin ya wuce. Ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa ita ce rawar daji, wato babban atisayen da ake kwashe sojoji daga bariki a kai su daji na kwanaki ko makonni, sau da yawa a raba su gida biyu, wani ɓangare ya zama abokin gaba, a haƙa ramukan kariya, a yi tafiyar dare da taswira, a yi harbi, alƙalai kuma su yanke wanda ya yi nasara. A nan ne soja yake sanin shugabansa da abokinsa, kuma labari ne da yake bayarwa da fara'a. Ka ce masa, "Baba, a wane daji kuka yi rawar daji ta farko, kuma da damina ne ko da rani?" Idan ya ambaci Jaji ko Kachiya ko Kontagora, ka bar shi ya zuba. Ka tambayi abin da suka ci, da inda suka samo ruwa, da yadda ƙafa take zama bayan ta kwana uku cikin jiƙaƙƙen takalmi, da sunan sajan da ya fi tsanani. Sau da yawa daga nan zai gangara da kansa zuwa fagen fama.

Tsofaffi sun fi tuna lokaci da shugaban da ke mulki ko haihuwar ɗa, saboda haka kai ne za ka daidaita shekaru. Ga wasu shekarun da za su taimaka maka: dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sun shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo. Sojojin Najeriya sun fara zuwa Darfur a 2004. An ƙaddamar da atisayen soja mai suna Harbin Kunama a Dansadau ta jihar Zamfara a watan Yulin 2016. Idan ya yi irin wannan na ƙarshe, ka tambaye shi bambancinsa da na da, domin horo ne da aka haɗa da farautar ɓarayin shanu na gaske.

Idan ya yi shiru, kada ka cike shirun da wata tambaya, ka jira. Idan ya ce wani abu sirrin aiki ne, ka tsallake shi, kuma kada ka wallafa komai sai ya ji ya amince. Zama ɗaya kada ya wuce minti 40, bayan la'asar ya fi. Ka zauna da mahaifiyarka daban, domin ita ta riƙe gida a bariki duk lokacin da aka tafi daji, kuma ta fi shi riƙe shekaru. Abokan aikinsa na ƙungiyar tsofaffin sojoji za su cike giɓin da ya rage.

Kafin ka mayar da hotunan cikin akwati, ka zauna kusa da shi ya nuna maka fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana rubuta sunaye da wuri da shekara a bayan kowane hoto da fensir.