Yadda za ka kalli Love Letter ba tare da matan biyu sun rikita ka ba

Duk wanda na tura wa fim ɗin nan na Japan ƙorafinsa ɗaya ne, wai ya kasa gane wacece wacece, to ga yadda za ka bi shi. Love Letter sunansa, ya fito a 1995, Shunji Iwai ne darakta, kuma jaruma ɗaya ce, Miho Nakayama, ta fito a matsayin mata biyu, daga nan ruɗanin yake farowa.

Da farko ka riƙe garuruwa biyu a kanka. Kobe, can Hiroko take, wadda saurayinta Itsuki Fujii ya rasu wajen hawan dutse shekara 2 da suka wuce. Sai Otaru, ƙaramin gari a bakin teku a tsibirin Hokkaido, ko'ina dusar ƙanƙara. Hiroko ta ɗauko adireshi a littafin hotunan makarantarsu ta aika wa mamacin wasiƙa don kawai zuciyarta ta yi sanyi, kwatsam sai ga amsa ta dawo, ashe akwai wata mace mai suna Itsuki Fujii sak irin nasa, ajinsu ɗaya a ƙaramar sakandare, adireshinta Hiroko ta kwafo ba ta sani ba.

Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce mura. Duk wadda ka ga tana tari da atishawa, ko tana aiki a laburare, ko tana gida da mamanta da kakanta, Itsuki ce ta Otaru. Mai sanyin magana ɗin nan da kake gani tare da Akiba mai sana'ar gilashi, Hiroko ce. Kuma kar ka raina murar nan, ka sa mata ido, akwai abin da ya faru da mahaifin Itsuki ta Otaru da zai sa gabanka ya faɗi daga baya.

Don Allah ka cire tunanin fim ɗin Indiya, mu da muka saba in an ga fuska ɗaya to tagwaye ne aka raba tun suna jarirai. Nan babu dangantaka ko ta sisin kwabo. Kamannin shi ne ciwon Hiroko, tana tambayar kanta shin ni ya so ko fuskar wata ya gani a jikina, wallahi wurin nan ya fi ko'ina taɓa ni.

Idan aka koma zamanin makaranta ka ajiye waya. Ka kalli ɗan katin da ake sakawa a bayan littafin laburare, Itsuki namijin yana ta aron littattafan da babu mai karantawa yana rubuta sunansa a kai, ka tambayi kanka sunan wa yake rubutawa tunda sunan nasu ɗaya ne. Haka wurin da aka musanya musu takardar jarabawa, Itsuki macen tana juya fedar keke da hannu don fitilar ta haska masa ya duba.

Ka nemi mai rubutun fassara a ƙasa, ka kalla da dare a zama ɗaya, bai kai awa 2 cikakku ba. Kar ka tura gaba in ka ga ya yi shiru, kuma kar ka tashi sai 'yan matan makarantar nan sun kawo wa Itsuki littafi har ƙofar gida sun ce ta juya katin.