Yadda zaka saka botom filet mai shinge a injin motarka

In dai kana wasan mota ko shan kwana da gudu, akwai abin da ke faruwa a ƙasan inji wanda ido baya gani. Baƙin mai yana kwance ne a botom filet, famfo na zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, to da ka karya kwana da ƙarfi ko ka danna birki sai man ya kwashe gaba ɗaya ya koma gefe ɗaya, bututun ya zuƙi iska, daƙiƙa kaɗan ta isa metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya bushe inji ya fara nokin. Shi botom filet mai shingen an raba cikinsa da faranti da ƴan ƙofofi masu buɗewa ta ciki kawai, mai ya shiga wajen rariyar amma fita tayi masa wuya. Kamfanonin Moroso da Canton na Amurka sun daɗe suna yinsa, masu Subaru mai injin EJ25 kuma sukan nemi na kamfanin Killer B tare da bututunsa na zuƙo mai, saboda bututun asali yakan tsage.

Ka saya da lambar injinka, ba sunan mota kawai ba, kuma ka duba zurfinsa, wanda ya sauko ƙasa sosai ramin hanya ne zai fasa shi.

Juye mai, kwance tsohon filet ɗin, ka kankare tsohon gam tas har ƙarfe ya fito fes.

Wajen da nake so ka nutsu shi ne tazarar rariya da ƙasan filet ɗin, ana son kamar milimita 6 zuwa 10. Ka manna ɗan yumɓu a bakin rariyar, ka ɗaura filet ba gam, ka sauke ka auna kaurin yumɓun. In ya matse famfo bazai samu mai sosai ba, in yayi nisa kuma iska ce dai. Wallahi ina jin zafi in naga an tsallake wannan, kuɗin ya tafi a banza. Ka taɓa ƙofofin da yatsa ka tabbata suna motsi.

Gam siriri zaka shafa, in yayi yawa guntunsa ke faɗawa ciki ya toshe rariya. Ƙananan noti irin M6 ƙarfin ɗaurinsu baya wuce wajen Nm 10 zuwa 12 a sifana mai awo, ka ɗaure daga tsakiya kana tsallakawa gefe da gefe. Bar gam ya bushe yadda aka rubuta a jikinsa, sannan ka zuba adadin litar da kamfanin filet ɗin ya faɗa, don wasu sunfi na asali ɗaukar mai. Tada inji, ka ga fitilar mai ta mutu nan take, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo.